Rubuta Bayanin Mahaɗar Direban Allo na Kwamfutar XO-1: Matsalar Suna da Ma'ana a Hausa

1. Share Fage

Kowace na'ura mai aiki da lantarki tana da sassa biyu ga mai amfani da ita. Akwai sashen da ke ɓoye, wanda sai maƙeranta kaɗai su ke shiga, akwai kuma sashen da aka bari a fili domin mutum ya ba ta umurni ko ya tambaye ta halin da ta ke ciki. Wannan sashe na biyu shi ne a ke kira mahaɗa a cikin takardan nan. Abin da za a duba shi ne yadda a ke rubuta bayanin irin wannan mahaɗa, da abin da ke faruwa idan aka so a rubuta shi da Hausa. An ɗauki misali guda, watau direban allo na ƙaramar kwamfutar nan ta yara mai suna XO-1, domin mahaɗarsa 'yar ƙanƙanuwa ce, ba ta wuce fayil 5 ba, ana iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an bar kome ba.

Mai yiwuwa ne a ce wannan aikin injiniyoyi ne, ba ruwan masu nazarin harshe da shi. Amma wanda ya zauna zai rubuta cewa kalma kaza tana nufin abu kaza, idan an yi mata kaza sai kaza ya faru, aikin mai ƙamus ya ke yi, ko ya sani ko bai sani ba. Matsalolin da zai tarar kuwa su ne waɗanda Bargery ya tarar kafin ƙamusunsa ya fito a 1934, da Abraham kafin nasa na 1949: ina iyakar ma'anar kalma, wane aji ta ke ciki, da wace kalma za a iya rikita ta.

2. Na'urar da Allonta

A farkon 2005 Nicholas Negroponte ya bayyana shirin OLPC, wanda manufarsa ita ce kowane yaro ya sami kwamfutarsa ta hannu a kan dala 100. A watan Nuwamba na shekaran nan aka nuna samfurinta a Tunis, a gaban Kofi Annan. Kamfanin Quanta ya fara ƙera ta da yawa a Nuwamba 2007, ko da ya ke kuɗinta ya kusa ninka abin da aka yi niyya. Ƙasashen Yurugwai da Peru da Ruwanda na cikin waɗanda suka fi karɓarta. A Nijeriya kuwa, an gwada ta a 2007 a wata makarantar firamare da ke Galadima, kusa da Abuja.

Allonta shi ne abin da ya fi kome ban mamaki a jikinta, Mary Lou Jepsen ce kuma ta jagoranci tsara shi. Girmansa inci 7.5 ne daga kusurwa zuwa kusurwa, yana da ɗigo 1200 a kwance da layi 900 a tsaye, jimla ɗigo 1,080,000 ke nan. Yana aiki iri biyu. Idan fitilar da ke bayansa tana kunne, sai ya nuna launi. Idan an kashe ta, sai ya dogara ga hasken da ke faɗo masa daga waje, ya nuna rubutu baƙi a kan fari kamar takarda, har yaro ya iya karatu a tsakar rana a gindin bishiya.

A yawancin kwamfutoci, babbar ƙwaƙwalwar na'ura da sashen zanenta su ke ta aika wa allo hoto sau da yawa cikin kowane sakan, ko da hoton bai sāke ba. Yaron da ke karanta shafi ɗaya na minti biyu, batirinsa yana ƙonewa ne a kan maimaita abu guda. Maƙeran XO-1 sai suka sa wata 'yar na'ura tsakanin ƙwaƙwalwa da allo, suka kira ta DCON, kamfanin Himax ya ƙera ta. Tana da tata ma'ajiya, inda ta kan ajiye hoton ƙarshe ta ci gaba da nuna shi, ƙwaƙwalwa kuwa ta kwanta ta huta. Da yaro ya taɓa maɓalli sai ƙwaƙwalwa ta farka ta karɓi aikinta. A takardan nan za a kira wannan 'yar na'ura mariƙin allo, domin aikinta daidai ya ke da na mai riƙon ƙwarya.

3. Direba da Mahaɗarsa

Mariƙin allo ba ya jin magana sai ta lambobi da a ke aika masa ta waya. Ɗan shirin da ke tsakaninsa da sauran manhajar kwamfuta shi ne a ke kira direba. Kalmar ta daɗe a Hausa da ma'anar matuƙin mota, an kuwa iya cewa tafinta ya fi dacewa da aikin, tun da juya maganar wani ya ke yi zuwa harshen wani. Amma masu gyaran kwamfuta sun riga sun saba da direba, ba kuwa a cika cin nasarar korar kalmar da ta riga ta zauna a bakin masu sana'a ba. Saboda haka an bar ta a nan.

XO-1 tana aiki da Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991. Daga jerin fitowa na 2.6, wanda ya soma a Disamba 2003, Linux yana da wata hanya mai suna sysfs, inda kowane direba ke buɗe waɗansu 'yan fayiloli. Waɗannan ba fayiloli ne na ajiya ba. Idan an karanta ɗaya, direba ne ke ba da amsa nan take. Idan an rubuta lamba a ciki, umurni ne aka ba shi. Ƙa'idar kuwa ita ce kowane fayil ya ɗauki abu guda tak. Direban mariƙin allo, mai suna olpc_dcon, wanda Jordan Crouse da Andres Salomon ke cikin marubutansa, ya buɗe fayil 5 a cikin jakar /sys/devices/platform/dcon, ga sunayensu: mode, sleep, freeze, monochrome, resumeline. Na farko karantawa kaɗai a ke yi. Sauran 4 kowa na iya karanta su, amma sai mai cikakken iko a kan na'urar ke iya rubutu a cikinsu. Ƙarfin fitila yana da nasa wuri dabam, daga 0 zuwa 15, 0 kuwa kashewa ne.

Masu kula da Linux sun tsara yadda za a rubuta bayanin irin waɗannan fayiloli tun 2006, a ƙarƙashin jagorancin Greg Kroah-Hartman. Kowane bayani yana da kanu 6: wane fayil ne, ran da aka ƙirƙire shi, a wace fitowa ya fara bayyana, wa za a tuntuɓa, mene ne aikinsa, su wa ke dogara da shi. An kuma kasa bayanan gida 4: tabbatattu, waɗanda aka yi alkawarin ba za a sāke su ba har aƙalla shekara 2; waɗanda a ke gwadawa; waɗanda aka yi niyyar cirewa; da waɗanda aka riga aka cire. Ashe bayanin alkawari ne a rubuce tsakanin mai direba da mai amfani da shi, ya wuce taimakon karatu kawai.

4. Abin da A Ke Fassarawa da Wanda Ba A Taɓawa

Ƙa'ida ta farko ga mai rubuta bayanin da Hausa ita ce, sunan fayil ba ya fassaruwa. Wanda ya nemi fayil mai suna barci ba zai same shi ba, na'ura ba ta san shi ba. Sunan fayil kamar sunan yanka ya ke, harafi ɗaya ya kauce, kira ya ɓata. Don haka sunan ya kan tsaya a matsayin kalmar da ke kan gaba a ƙamus mai harshe biyu, Hausa kuwa ta zo a bayansa. Haka lambobin da a ke rubutawa a ciki.

Wannan yana da wata fa'ida da ba a zata ba. Tun da ba a tilasta wa Hausa ta kawo kalma guda a madadin kalma guda ba, marubuci yana da damar ya bayyana abin da na'ura ke yi, ya ƙyale abin da kalmar Ingilishi ta ce. Sau da yawa su biyun ba ɗaya ba ne, kamar yadda za a gani.

5. Fayilolin Ɗaya Bayan Ɗaya

Sunayen nan 5 ba ajinsu ɗaya ba a nahawu. Na farko suna ne, na biyu yana iya zama suna ko aikatau, na uku aikatau ne, na huɗu sifa, na biyar kuwa kalmomi biyu ne aka harhaɗa. Ingilishi yana barin kalma ta tsaya tsirara ba alamar aji. Hausa ba ta yarda da haka ba, lalle ne marubuci ya zaɓa.

A fara da freeze. Idan an rubuta 1 a cikinsa, direba ya kan miƙa allo ga mariƙi, ya jira har miƙawar ta tabbata. Idan an rubuta 0, allo ya koma hannun ƙwaƙwalwa. Akwai kuma 2, wanda ke miƙawa ba tare da jira ba, ba kuwa a cika amfani da shi ba. Kalmar da za ta fara zuwa wa mai fassara ita ce daskare. A tsarin ajin aikatau da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960, daskare yana aji na 4, daskarar da kuwa yana aji na 5, watau mai sa wani ya yi. Nan take sai a ga abin da Ingilishi ya ɓoye: lamba 1 tana da ma'ana biyu. Ga mai karantawa hali ne, hoto yana daskare. Ga mai rubutawa umurni ne, a daskarar da hoto. Bayanin Hausa mai kyau dole ya zo da layi biyu, ɗaya na karatu, ɗaya na rubutu, ya kuwa fi na kalma guda gaskiya.

Duk da haka daskare tana da aibi. Idan aka ce wa Bahaushe na'ura ta daskare, ko ta ƙame, abin da zai ji shi ne ta lalace. Malamin da ya karanta haka zai ji tsoron taɓa fayil ɗin, ko kuwa ya ga allo bai motsa ba ya cire batir. Tsayar da ma ba ta yi ba, domin babu abin da ya tsaya: ƙwaƙwalwa tana iya ci gaba da zane a ɓoye, mariƙi kuwa yana ta maimaita tsohon hoto. Abin da ya auku shi ne sauyin hannu. Saboda haka riƙe ta fi dacewa, tana kuma da sifar hali a shirye: mariƙi yana riƙe da hoto.

Na biyu shi ne sleep. Barci suna ne a Hausa, a kan yi shi ne, ba shi da aikatau na aji na 5, sai a ce sa barci. Wannan ba wuya. Wuyar tana ga tambayar wa ke barcin. A jikin XO-1 abu uku ne dabam dabam ke iya hutawa: ƙwaƙwalwa, da fitila, da mariƙin kansa. Idan ƙwaƙwalwa ta kwanta, hoto yana nan. Idan fitila ta mutu, hoto yana nan ga mai hasken rana. Fayil ɗin nan kuwa na ukun ya shafa: rubuta 1 ya kan sa a yanke wa mariƙi wuta, allo ya ɗauke. Jimlar Hausa tana bukatar mai aiki a bayyane, don haka ba za a iya rubuta barci kawai a wuce ba, sai an ce barcin mariƙin allo. Akwai kuma wani sharaɗi da ba ya cikin sunan ko kaɗan: a na'urorin gwaji waɗanda suka riga samfurin C2, direba ya kan karɓi umurnin ya yi shiru, bai aikata kome ba, bai kuma yi ƙorafi ba. Bayanin da ya bar wannan zai sa mai gyara ya kwana yana neman lahanin da babu shi.

Na uku shi ne monochrome, inda 1 ke nufin baƙi da fari, 0 kuwa launi. Kuskure biyu ke jiran mai fassara a nan. Idan ya sa wa bayanin kan magana launi, mai karatu zai ɗauka 1 kunna launi ne, ya sami akasin abin da ya nema. Idan kuwa ya ce babu launi, ya faɗa wa wata rijiyar. A Hausa, idan aka ce wa mutum bai zo ba? ya amsa i, nufinsa shi ne lalle bai zo ba. Mai Ingilishi kuwa a'a zai ce a wannan wuri. Malamin da ke tunani da harsunan biyu zai tsaya yana shakka ko 0 a gaban babu launi tana tabbatarwa ne ko tana korewa. Maganin abin shi ne kada a yi amfani da korewa sam: a rubuta 1, baƙi da fari, 0, launi. Sa'an nan a ƙara cewa baƙi da fari a nan ya haɗa da toka-toka iri iri da ke tsakaninsu, kuma fayil ɗin bai taɓa fitila ba, yadda mariƙi ke rarraba launi ga ɗige-ɗige kaɗai ya ke sākewa.

Na huɗu shi ne resumeline. Allo ana cika shi ne layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa, lambar da ke cikin fayil ɗin kuwa ita ce layin da mariƙi zai yi wa ƙwaƙwalwa ishara idan ya iso shi, domin sauyin hannu ya zo a kan kari, kada hoto ya yage. Lambar da direba ke farawa da ita 898 ce, watau dab da ƙarshen layi 900. Layin ishara ya ishe shi suna a Hausa. Abin da ya wajaba a faɗa shi ne abin da a ke ƙirgawa: layi ne, ba sakan ba ne, ba ɗigo ba ne. Lamba marar abin ƙirge ba bayani ba ce.

Na biyar, mode, shi ya fi sauran haɗari ga mai karatu, ko da ya ke ba a rubutu a cikinsa. Amsarsa harafi 4 ce a ƙirgar goma sha shida-shida, ba ta goma-goma da aka saba ba. Allo mai launi da fitila a kunne ya kan ba da 0069. Duk wanda ya gani zai karanta sittin da tara, alhali kuwa 6 sau 16 ne a ƙara 9, watau 105. Ita 105 ɗin ma ba yawan wani abu ba ce, tarin alamomi ne: 64 da 32 da 8 da 1. Alamar 1 tana nufin hoto yana wucewa ta cikin mariƙi, 8 fitila tana kunne, 32 ana rarraba launi, 64 ana sassauta kaifin gefen launuka. Idan aka koma baƙi da fari, 32 da 64 su kan fita, 128 ta shigo, jimla 137, fayil ya nuna 0089. Bayanin Hausa ya kamata ya ba da jerin alamomin, ya kuma gargaɗi mai karatu ya furta lambar harafi harafi, sifiri sifiri shida tara, kamar yadda a ke faɗin lambar mota.

6. Misalin Bayani

Idan aka tattara abin da ya gabata, bayanin fayil guda zai iya zama kamar haka:

Fayil: /sys/devices/platform/dcon/freeze
Wa ke iya taɓawa: kowa ya karanta, mai cikakken iko kaɗai ya rubuta.
In an karanta: 0, ƙwaƙwalwa ce ke ba allo hoto, 1, mariƙi yana riƙe da hoton ƙarshe.
In an rubuta: 0, a mai da allo hannun ƙwaƙwalwa, 1, a miƙa shi ga mariƙi, a jira ya karɓa, 2, a miƙa ba jira.
Gargaɗi: muddin mariƙi na riƙe, allo ba zai nuna sabon abu ba ko da na'ura tana aiki. Wannan ba lalacewa ba ce.

Ba kalmar da aka ƙago a ciki sai mariƙi, ita ma an gina ta ne a kan ƙirar da kowa ya sani, irin ta maɗinki da marubuci. Ya kamata kuma a rubuta bayanin da haruffa masu ƙugiya yadda ƙa'ida ta tanada, domin a rubutun da ba su, ba a bambanta ƙafa da kafa, balle ɗigo da digo.

7. Abin da Ke Cikin Hatsari

Direban olpc_dcon bai taɓa fita daga zangon da Linux ke ajiye direbobin da ba su gama nuna ba. A 2022 aka yi masa alamar cewa ya lalace, daga baya kuma aka cire shi. Na'urorin kuwa ba su ɓace tare da shi ba. Wadda ta saura a akwatin wata makaranta tana ɗauke da tsohuwar manhajarta, fayilolin nan suna nan a cikinta, sai dai waɗanda suka san sirrinsu sun watse zuwa wasu ayyuka. Abin da ya rage wa mai gyara shi ne abin da aka rubuta. In ba a rubuta ba, ko aka rubuta da harshen da bai ji sosai ba, na'ura mai rai sai ta zama tarkace a kan abin da lamba ɗaya za ta gyara.

Ga malaman kwalejojin horon malamai, akwai darasi biyu. Na ɗaya, irin wannan bayani abin koyarwa ne mai kyau a ajin fassara, domin gajere ne, kuma ana iya gwada gaskiyarsa: ɗalibi ya bi abin da ɗan'uwansa ya rubuta, a ga ko na'ura ta yi abin da aka ce. Ba kowace fassara ce ke da irin wannan alƙali ba. Na biyu, aikin samar da kalmomin fasaha, wanda Hukumar Harshen Hausa ta sa hannu a kai tun 1955, ba ya ƙarewa ga jera kalmar Ingilishi a hagu da ta Hausa a dama. Jerin nan da zai ba da daskare da barci da babu launi, ukun kuwa duk sun ɓad da mai karatu. Wanda ya fara duba abin da na'ura ke yi kafin ya nemi kalma, shi zai tarar cewa ajin aikatau da sifar hali da wajabcin bayyana mai aiki, waɗanda a kan ɗauka nauyi ne a kan mai fassara, su ne ke tilasta masa ya faɗi abin da sunan Ingilishi ya bari a duhu.